Kewar teku ko kewar ƙuruciya? Sharhi kan littafin Nation on Board

Ni ɗan Guri ne, ruwan da na sani kuwa shi ne na fadamar kogin Haɗejiya, inda kwale-kwale da koma suke ciyar da gida. Abin da ya ja ni ga littafin Lynn Schler, Nation on Board, wanda ya fito a 2016, shi ne jin cewa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, wato NNSL, ya taɓa mallakar jirgi mai suna River Hadejia, da wani mai suna Dan Fodio. Sunan koginmu ya ratsa teku, mu muna gida muna fama da kachalla.

Marubuciyar masaniyar tarihi ce, ta kuma gina littafin a kan hirarraki da tsofaffin ma'aikatan jirgi a Legas. Ta bi sawunsu tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da kamfanin Elder Dempster na Libaful ya soma ɗaukar 'yan Nijeriya da yawa, zuwa 1959 da ma'aikatan jirgin Apapa suka yi yajin aiki a Ingila kan wariyar launin fata. A shekarar ce aka kafa NNSL, aka kuma rushe shi a 1995 bayan bashi da sakaci sun cinye shi.

Ƙarfin littafin yana bakin tsofaffin. Ba shugabanni ta sa gaba ba, masu wanke bene da masu aikin ɗakin inji da masu dafa abinci ta bai wa dama. Daga gare su ne mai karatu zai ga yadda 'yancin kai ya zo wa talaka: sun yi murna da jirgi mai tutar ƙasarsu, daga baya da yawansu suka koma suna yabon tsarin aikin zamanin Turawan da suka taɓa yi wa bore.

A nan ne nake da ja. Mutumin da ya shiga jirgi yana saurayi, ya koyi ɗaurin igiya da tsayuwar dare a ƙarƙashin mai tsawa, idan ya tsufa tsawar ma daɗi take yi masa. Duk wanda ya zauna da tsofaffin ɗaliban makarantar kwana ya san haka: bulala takan koma abin dariya. To, kewar Elder Dempster suke yi, ko kewar ƙafafun da ba sa ciwo? Littafin ya jingina yabon nasu ga lalacewar NNSL, kuma da gaskiyarsa, amma na so a ce ya ƙara auna rabon ƙuruciya a ciki. Haka kuma an yanyanka hirarrakin gunduwa-gunduwa don su tallafi hujja, har na riƙa marmarin a bar mutum ɗaya ya kai labarinsa ƙarshe.

Wani gurbin shi ne makaranta. Zuciyar littafin ƙananan ma'aikata ne da suka koyi aiki a kan jirgi. Labarin samarin da suka shiga makarantar koyon aikin jirgi ta Oron, a jihar Akwa Ibom ta yau, wadda aka buɗe a 1979, yana jiran nasa marubucin. Labari ne mai nauyi, domin rushewar NNSL ta bar ɗalibai da yawa da takarda a hannu ba jirgin da za su yi horon teku a kai. Wanda ya koyi tuƙi ba mota, me zai tuna in ya tsufa?

Duk da haka ina ba da shawarar a karanta shi, musamman marubutanmu. Adabin Hausa ya wadata da labarin soyayya, ya yi ƙarancin labarin sana'a daga bakin masu ita. A aikina na manhaja, abin da ba a adana ba ya tafi ke nan. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa ruwan fadamarmu ya sauya, tsofaffin masuntan da suka san shi a da kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wayar da kake karanta wannan sharhi da ita tana ɗaukar murya. Ka je ka gaida Baba, ka bar shi ya kai ƙarshe.