Abubakar Tafawa Balewa a Idon Trevor Clark

A watan Nuwamban 2024 tsohuwar shugabar gwamnatin Jamus, Angela Merkel, ta fitar da tarihin rayuwarta mai suna Freiheit, sama da shafi 700, tana bayani a kan shekara 16 da ta yi tana mulki. A can abin ya zama al'ada, domin Konrad Adenauer ma da ya sauka a 1963 zama ya yi ya rubuta nasa. A nan gida Sardauna ya bar mana My Life, Awolowo ya bar Awo, Azikiwe ya bar My Odyssey. Mutum ɗaya tilo da ya taɓa zama firayim ministan Najeriya, Alhaji Sir Abubakar Tafawa Balewa, shi ne bai samu sararin yin haka ba. Sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Legas ranar 15 ga Janairun 1966, yana ɗan shekara 53. Abin da ya bari shi ne Shaihu Umar da tarin jawabansa.

Wannan giɓin ne littafin Trevor Clark, A Right Honourable Gentleman, ya cike. An buga shi a 1991 a Landan, kamfanin Hudahuda kuma ya fitar da shi a Zariya. Clark Baturen mulki ne da ya yi aiki a Lardin Bauchi zamanin En'e, ya san Malam Abubakar ido da ido. Littafin ya doshi shafi 900, ƙananan baƙaƙe cunkus, ba irin wanda ake karancewa tsakanin Magariba da Isha ba ne.

Babban abin da na yaba a cikinsa shi ne yadda ya rushe maganar nan da ake yawan yi a majalisun hira, wai Tafawa Balewa yaron Sardauna ne kawai da aka aika Legas ya riƙe kujera. Clark bai tsaya musu ba, tarihin ya jero. Ga ɗan talaka daga ƙasar Lere, wanda ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya dawo ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta, ya je Landan ƙaro ilimi a 1945. A watan Agustan 1950 wannan malamin makaranta ya miƙe a Majalisar Wakilan Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, a san iyakar ikon sarakuna, a ba talaka bakin magana. A wancan zamani faɗin haka a fili sai mai ƙarfin hali, kuma sarakuna da yawa ba su ji daɗi ba. Wanda ya karanta wannan sashe zai gane cewa mutumin yana da ra'ayin kansa tun kafin NPC ta zama jam'iyyar siyasa.

Haka abin ya ci gaba bayan ya zama firayim minista a 1957. Sardauna ne shugaban jam'iyya, shi mataimaki. Amma shi ne ke zaune da ministocin jam'iyyar NCNC a teburi ɗaya, shi ne ke sauraron jakadun duniya. Gwamnatinsa ta ci gaba da hulɗa da Isra'ila alhali gwamnatin Arewa a Kaduna ta fito fili ta ce ba ta so. A Janairun 1961 ya sallami jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da ƙasar ke yi a hamadar Aljeriya. A shekarar kuma yana cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu mai wariyar launin fata ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Clark ya iya nuna yadda yake yin waɗannan abubuwa ba hayaniya: ya saurara, ya jinkirta, ya ba kowa girmansa, sannan ya yi abin da ya ƙudurta. Ya kuma nuna nauyin da hakan ya ɗora masa, mutumin da zuciyarsa kullum tana gonarsa a Bauchi.

Mu mutanen Gombe muna da namu rabo a labarin. Lokacin muna ƙarƙashin Lardin Bauchi ne, jiharmu sai 1996 aka ƙirƙiro ta. Shekarun da Malam Abubakar ya yi yana ministan ayyuka daga 1952, sannan ministan sufuri, su ne matasa suka fi jahilta, alhali ayyukan wannan lokaci ne suka fi taɓa mu. Layin dogon da ya tashi daga Kuru ya ratsa Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, a zamaninsa aka shimfiɗa shi, da taimakon rancen farko da Najeriya ta karɓa daga Bankin Duniya a 1958, dala miliyan 28. Dattawan Gabukka da Bolari da Jekadafari da suka ga taragu suna lodin auduga da gyaɗa sun san abin da jirgin nan ya yi wa kasuwar garin. Yau ciyawa ta rufe dogon a wurare da dama, amma wannan ba laifin Clark ba ne.

To, ina littafin ya gaza? Na farko, tsawo. Clark ba ya iya wuce shekara sai ya gaya maka abin da ke faruwa a Kwango da Masar da majalisar Ingila, har wani lokaci Abubakar ya ɓace maka kamar allura a cikin rairayi. Manufarsa a ga mutumin a cikin zamaninsa, kuma ta yi ma'ana, sai dai an cika gishiri.

Na biyu ya fi nauyi. Alƙalamin aboki ne ya yi rubutun, kuma abokin Baturen mulki. Muryar gwamna da razdan tana fitowa tar, ta ɗan NEPU da alƙalin En'e ya ɗaure kan ya yi taro ba izini kuwa da ƙyar ake jin ta. Wannan sassauci ya fi bayyana a batun Jihar Yamma. A watan Mayun 1962, da rikici ya ɓarke tsakanin Awolowo da Akintola, firimiyan jihar, gwamnatin tarayya ba ta ɓata lokaci ba ta kafa dokar ta-ɓaci ta naɗa Dokta Majekodunmi kantoma. A 1963 aka yanke wa Awolowo shekara goma a kurkuku. Amma bayan zaɓen Oktoban 1965, da ake ƙona gidaje da mutane a Yamma, dokar ta-ɓacin ba ta zo ba, kuma Akintola a lokacin abokin ƙawancen NPC ne. A mako na biyu na Janairun 1966 firayim minista yana Legas yana karɓar shugabannin ƙasashe renon Ingila don tattauna rikicin Rodeshiya, hanyar Ibadan kuwa ba ta biyuwa lafiya. Clark bai ɓoye ko ɗaya ba, wannan kam a yaba masa. Amma a ganina uzurin da ya ba gwarzonsa ya fi tuhumar yawa. Haƙurin da ya riƙe ƙasar shekara takwas, a watannin ƙarshe ya koma jan ƙafa, kuma marubucin bai so ya faɗi haka da babbar murya ba.

Duk da haka, duk mai son yin magana a kan Jamhuriya ta Farko da hujja sai ya bi ta kan littafin nan, ko da zai ƙare da saɓa wa mai shi. Matsalar ita ce samunsa, da kuma nauyin Turancinsa. Da masu ɗab'i za su nemi izini su taƙaita shi da Hausa, sai in ce su fara da shekarun Bauchi na wajen 1943 zuwa 1944, lokacin da Malam Abubakar da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, wanda yake koyarwa a Midil ɗin, suke haɗuwa a zauren muhawara ɗaya suna kai-kawo a kan mulkin En'e, shekaru kaɗan kafin biyu su nufi NEPU, ɗaya ya nufi NPC.