3.2 Ma'aunin Talaka Game da Mulkin Haɗin Gwiwa: Misali Daga Jihar Kano, 1976 Zuwa 1983

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon da sarakuna suka riƙe tun zamanin En'e, ya mayar da majalisunsu na ba da shawara. Sai dai bai raba su da aikin gwamnati ba, domin hakimai da dagatai da masu unguwanni sun ci gaba da tattara haraji da sasanta rigingimun gona da gado. Ke nan mulki ya zama na haɗin gwiwa tsakanin hukuma da sarauta.

Akwai ra'ayin da ke cewa ƙuri'a ce kaɗai ke halatta mulki a idon jama'a, don haka duk inda zaɓaɓɓe ya yi karo da basarake, talaka zai bi wanda ya zaɓa. Wannan ra'ayi yana da rauni idan aka auna shi da abin da ya faru a Kano. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali, talakawa kuwa suka yi murna, alhali sun san wannan ya rage wa hakimai ƙarfi. Har nan ra'ayin yana da gaskiya. To amma a Yulin 1981, bayan an ƙirƙiro sababbin masarautu kuma aka aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, tarzoma ta ɓarke ranar 10 ga watan. An ƙona gine-ginen gwamnati, aka kuma kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa.

Lallai an zargi 'yan adawa da hura wutar, kuma ba za a ce masu tarzomar su ne dukkan Kanawa ba. Duk da haka, da ba a taɓa wani abu mai daraja a zukatan mutane ba, da masu zugar ba su sami wanda za su zuga ba. Abin da ake iya fahimta shi ne, talaka ya bambanta cutar da ake yi masa da sunan sarauta da ita kanta sarautar: ya yarda a kawar da ta farko, bai yarda a wulaƙanta ta biyu ba. Hasali ma, masu wancan ra'ayi ba su yi bayanin yadda Sabo Bakin Zuwo, wanda shi ma ɗan PRP ne, ya rushe sababbin masarautun a 1983 ba.