"Girgiza Kai": Ziriums da Hausar Gambarar Zamani

Yau waƙar hip hop za mu taɓa, wadda Bahaushe ya laƙaba wa suna gambarar zamani. Kafin mu yi nisa, ku ɗan tsaya a kan sunan, don ba a banza aka raɗa shi ba. 'Yan gambara mun san su tun kaka da kakanni: kiɗa na tashi, magana na zuba da sauri, ga zambo, ga habaici, ga barkwanci a tsakiyar kasuwa. Da salon da ya tsiro a unguwar Bronx ta birnin New York a shekarun 1970 ya iso mana, kunnen Bahaushe bai ji shi baƙo sosai ba, sai ya ce ai wannan gambara ce ta sake riga. Illar sunan ɗaya ce: an san 'yan gambara da sakin baki, kuma wannan tabon ya bi yaran tun kafin a saurari abin da suke faɗa.

Wanda za mu ɗauka misali shi ne Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums. Bakano ne, a Kano ya taso, kuma a situdiyoyin Kano ya goge, yana waƙa yana kuma aikin haɗa sauti. Tashensa ya faɗo a lokacin da harkar fim da waƙa ke cikin matsi. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Malam Abubakar Rabo Abdulkarim a kan Hukumar Tace Finafinai ta jihar, aka tsaurara dokoki, har Adam A. Zango ya shiga gidan yari a wannan shekarar saboda kundinsa mai suna Bahaushiya. Cikin wannan yanayi Ziriums ya saki "Girgiza Kai". Ba ta bi ta kasuwar kaset ba. Daga waya zuwa waya ta riƙa yawo ta Bluetooth. A 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ita ma tana ciki, tare da "Hasbunallahu" ta Aminu Ala. A 2010 ya fitar da kundinsa This Is Me, aka sa shi a kasuwar intanet.

To, mu ba hukuncin wancan rikici ya kawo mu ba. Sunan waƙar kaɗai ya ishe mu darasi, kuma a ganina nan ne gwanintar yaron ta fi fitowa.

Ku duba da kyau. Bahaushe yana da aikatau fiye da ɗaya na motsa kai, kuma kowanne da inda yake zama. In ka gyaɗa kai, ka yarda ke nan. In ka kaɗa kai, ya danganta: wani lokaci daɗin kiɗa ne, wani lokaci juyayi. Amma in aka ce wane ya girgiza kai, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne ƙi, ko takaici, ko mamakin abin da ya fi ƙarfin baki. Da mawaƙin ya ce "gyaɗa kai", da ya miƙa wuya. Sai ya zaɓi kalmar da ke da fuska biyu. A sarari yana cewa tunda rawa ta zama laifi, to a motsa kai kawai a bi kiɗa. A ƙarƙashi kuwa, duk wanda ya bi umarnin ya yi alamar "ban yarda ba" da jikinsa, ko da bai buɗe baki ba. Wannan shi ne habaici na asali: mai shi ya gane, amma in an tsare ka sai ka ce kai kiɗa kake bi.

Sannan ga nahawu. "Girgiza kai" a rubuce tana iya zama umarni, wato aikatau da karɓau, kamar ka ce "buɗe ƙofa". Tana kuma iya zama sunan aikin, kamar a jimlar "girgiza kai ba ya biyan bashi". Ku bambanta ta da "girgizar kai", inda aka sami suna da mahaɗi -r, irin ginin da ke cikin "girgizar ƙasa". Ita kuma kalmar "kai" ku lura baƙi ɗaya ne da tagwan wasali, amma aiki huɗu take yi: kai na jiki, mai faɗuwar sauti, kai wakilin suna, mai sautin sama, kai aikatau, kamar "ya kai kuɗin", da kai! ta motsin rai. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, don haka kunne ne alƙali.

Wani abu a gefe, don masu son tono asalin kalma. "Girgiza" ninki ce: giz-giz ce ta koma gir-giz, domin z ba ta son zama a ƙarshen gaɓa, sai ta rikiɗe ta zama r. Haka maza-maza ta haifi marmaza, haka kaɗa ta haifi karkaɗa, inda ɗ ta bi sahu. Ninkin kansa yana nuna maimaita aiki, shi ya sa kalmar take zama daram a kan kiɗa.

Yanzu mu zo inda nake da ja. Kundin da ya ɗauko sunan mawaƙin ya kai waje, sunansa da Turanci yake, kuma a ciki Hausa da Turanci suna tafe tare. Na fahimci dalili: kasuwar gida ta yi wuya, dole a yi magana da na nesa. Amma ƙofar da aka buɗe ta yi faɗi. Bayan tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shirye irin su Zafafa Goma na Nomiis Gee sun kai gambarar zamani kowane falo, sunaye irin su Classiq da DJ AB da Morell da Deezell suka zama sanannu, yara kuma suka tashi da tunanin cewa baiti bai cika ba sai an yayyafa masa Turanci. A nan sai mu rarrabe. Aro daban, Ingausa daban. Mota da tebur da asibiti aro ne. Sun shigo, sun sa rigar Hausa, suna ɗaukar jam'i da jinsi kamar kowace kalma: motoci, tebura, asibitoci. Amma ka ɗauko rabin jimlar Turanci ka liƙa a ƙarshen layi don kawai ka rasa kalmar da za ta amsa, wannan ba salo ba ne, gudun aiki ne. Inda sirkin ya zo da manufa, misali ana kwaikwayon ɗan boko mai iyayi don a yi masa dariya, ba ni da ta cewa.

Babbar matsalar ma ba a nan take ba. Turanci harshe ne mai danna gaɓa: wata gaɓar a buga ta da ƙarfi, wata a haɗiye ta. A kan wannan aka gina tafiyar rap. Hausa kuwa da karin sauti da tsawon wasali take rarrabe ma'ana. Idan yaro ya ɗauko tafiyar mawaƙin Amurka ya cusa kalmomin Hausa a ciki da ƙarfin tsiya, sai ya ja gajeren wasali, ya datse dogo, ya ɗaga sautin da ya kamata ya sauka. Ku gwada da bakinku. Gari na mutane gajeren a gare shi, gari na tuwo dogo. Kuka na hawaye sama-sama yake tafiya, kuka ta miya sama take farawa ta sauko, "kuka" ta "da kuka zo" kuwa duk wasulanta gajeru ne. Fara ta farin launi, fara mai cin amfanin gona, da fara aiki, uku ne ba ɗaya ba. Mai sauraro yakan ceci mawaƙi da muhallin magana, gaskiya ne, amma in aka yi ta yi masa haka layi bayan layi, sai ka ji ya ce "wannan Hausar tasa wata iri ce", alhali bai san sunan cutar ba.

Sai amsa-amo. Kusan kowace kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, saboda haka samun ƙarshen da ya yi kama ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Ka jera tafiya, dariya, duniya, gaskiya, ko ka kama -wa ka yi ta zuwa, dawowa, gamawa, ai ko ɗan firamare zai iya. Gwani shi ne wanda kalmar ƙarshen layinsa take ɗauke da ma'anar layin, ba wadda aka jawo da igiya don ta toshe gurbi ba.

A nan nake so in juyo gare ku, matasan Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma masu shiga situdiyo. Ku kam ba ku da uzuri. Garinku ne ya haifi Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta wanda ya rasu a 1958, wanda har yau ake karanta Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja a azuzuwan Hausa. Ya yi waƙa a kan ilmin zamani, ya caccaki giya da karuwanci, kuma in zafin harshe ake nema, yana da shi fiye da yawancin masu riƙe makirufo a yau. Amma ku ɗauki baitinsa ɗaya ku ƙirga gaɓoɓin, mai nauyi da marar nauyi, za ku ga kowace tana mazauninta. Garinku ne kuma na Haruna Uji mai gurmi. Ku saurari yadda muryarsa ke hawa da sauka tare da karin sautin kalmomin, ba ta faɗa da su. Ba cewa nake ku koma gurmi ba. Ku riƙe kiɗanku na kwamfuta, amma ku bar Hausar ta zaɓi inda za ta taka.

Abin faɗa ma ba ku rasa shi ba. Ƙarfin "Girgiza Kai" shi ne ta yi magana a kan abin da ke ci wa mutanen garinta tuwo a ƙwarya a daidai lokacin. Ku me ke ci muku? Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya suna cin karo a fadama ɗaya, ga ambaliya irin ta 2022 da ta cinye gonaki da gidaje. Ga dausayin Baturiya da tsuntsayen da ke ƙetaro hamada su sauka a cikinsa. Ga tarihin 1906, lokacin da Sarki Muhammadu ya tsaya ya yaƙi Turawa har ya rasa ransa. Kalmomin ma suna nan a bakin iyayenku: koma, taru, fatsa, gora, kwalekwale, tarwaɗa, ƙarfasa, gaiwa. Kowace da nauyinta da amonta, kuma babu ɗan Legas ko ɗan Atlanta da zai riga ku amfani da su. Amma sai a ji yaron da ya tashi a bakin kogi yana waƙar wata unguwa da bai taɓa gani ba sai a waya. Haka karin harshenku: in kakarka tana da yadda take faɗin abu wanda Bakano ba ya faɗa, sa shi a waƙa. Daidaitacciyar Hausa ta rubutu ce da aji, ba ta hana mawaƙi muryar gidansu ba.

In kuma an zo rubuta sunan waƙa ko baitocinta a ƙarƙashin bidiyo, don Allah a kula. "Yana" da "tana" da "suna" a haɗe suke. "Ba ni" a rabe take, ko ta bayarwa ce ko ta korewa. "Ya ce" kalma biyu ce, haka "shi ne" da "ita ce". A kuma nemo ƙugiya a allon waya, tana nan: ƙasa ba kasa ba ce, ɓata ba bata ba ce, kuma sunan garin da kuke kirari da shi, in da Hausa ake rubutu, Haɗeja ne da ɗ mai ƙugiya.