Namiji Da Shigarsa: Yau Nan, Gobe Can

Yau a kan tufafin mazajenmu za mu yi magana, kuma kada wata ta ce ina ruwanmu. Da ruwanmu mana. Wa ke wankewa? Wa ke sa sitati, ta tura wa mai guga? Kuma in an ci bashin tela, tukunyar wa ke kwana ba a ɗora ba?

Abin da ya sa na ɗauki biro, wata maƙwabciyata ce a Tudun Wadar Gusau ta shigo mini ana saura kwana goma Sallah, idonta jawur. Wai maigidan ya kai shadda kala uku wajen tela, alhali 'ya'ya huɗu ko takalmi ba a saya musu ba. Da ta yi magana sai ya ce, "Ke mi kika sani? Wanga ɗinki na bara an daina yayinai." Jama'a, ɗinkin bara fa! Wanda ko wanki biyar bai sha ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Da yawan mazan yanzu ba su da shigar da za a ce tasu ce. Yau ka gan shi da kaftani ya matse shi kamar an ɗaure buhu, wando ya ɗage can sama da idon sawu. Gobe babbar riga ya sha, tana jan ƙasa, shi kuwa ɗan firit, iska na neman ɗaukarsa. Jibi kuma jallabiya ce da hular sanyi a tsakiyar bazara. Duk abin da ya gani a jikin ɗan fim ko ɗan siyasa, shi ne abin ɗinkawa. Kuɗi sun tafi, akwati ya cika, amma ranar ɗaurin aure sai ka ji ya ce ba shi da abin sawa.

Mu dubi manyan da suka gabata. Marigayi Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, da me aka san shi? Farar riga marar tarkace da jar hula. Ya tafi, amma har yau in an ga jar hula ana tuna shi, shi ya sa ma 'yan Kwankwasiyya suka ɗauke ta alama. Alhaji Shehu Shagari, da ya mulki ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983, doguwar hularsa ya riƙe har ta ci sunansa. Sardauna Ahmadu Bello kuwa, ko yaro ya ga hoton babbar riga da rawanin nan ya san ko wane ne. Ba rashin abin saye ya sa suka tsaya a kan abu guda ba. Sun san kansu ne, sai tufafin ya bi su. Mazanmu na yau kuwa su ke bin tufafi.

Ba sai mun je nesa ba. Ki tuna dattawan da muka taso muka gani a Tsafe da Bungudu ranar Juma'a. Rigunan mutum ba su wuce uku ko huɗu ba, amma kowace an kai ta wajen mabuga, tana ƙyalli. Wani aska biyu ce tasa, wani aska takwas, wani kuwa farar 'yar shara da dara. Tun daga nesa za ki ce, "Ga Malam can tafe." Kuma a lokacin audugarmu ce, a ƙasar nan ake noma ta. Jirgin ƙasa da ya ratsa Gusau ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, auduga da gyaɗa yake kwasa, daga baya aka kafa masaƙa a cikin Gusau ɗin kanta. Yau masaƙar ta daɗe da yin shiru. Shadda gezna daga Ostiriya take zuwa, mai arha kuma daga ƙasar Sin, su sauka Kantin Kwari a Kano kafin su iso mana. Ke nan duk sanda dala ta tashi, yadi ya tashi. Mai bin yayi a wannan zamani, da kuɗin cefane yake wasa.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, mu ma da laifinmu. Wata ce za ta dawo daga biki tana gunaguni, "Ka ga mijin wance da ɗinkinsa kuwa?" Budurwa kuma in saurayi ya zo zance da kaya iri ɗaya sau biyu, sai ta hau yatsina, ƙawaye na dariya. Shi ke nan sai ya koma aron rigar aboki, an kuwa ce kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da aka kai ki ɗaki za ki gane rigar ba tasa ba ce.

Shawarata, 'yar uwa, ki zauna da maigida cikin lallashi, ba da gori ba. Ku duba kalar da ta karɓi fatarsa, biyu ko uku, a tsaya nan. A nemi tela ɗaya da ya san awonsa. A zaɓi hula ɗaya, ko kube ko zanna bukar, wadda ta zauna da fuskarsa. A raba na aiki da na Juma'a. Gara yadi ɗaya mai kyau da zai shekara biyar da kala huɗu masu zuba tun wankin farko. In ya sa wadda ta yi masa kyau, ki faɗa masa da bakinki, don namiji ma yana son yabo.

Ke kuma budurwa, in kin ga saurayi kullum da shigarsa guda, tsaf-tsaf, ba datti ba wari, kada ki raina shi. Sau da yawa irinsu ne masu riƙe gida.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mazajenmu abin da za su riƙe mu da shi. Amin.