Masu Auna Kalmar Wauta a Zangon Kudu

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu akwai dattawan da sasanta rigima ta zama musu aiki, kuma gwanintarsu tana burge ni ƙwarai. Idan an kawo musu ƙarar zagi, abin da suke fara tambaya shi ne, "Da wace kalma ya kira ka?" Sun san nauyin kowace.

Wawa shi ne gama-gari, har uba kan faɗa wa ɗansa cikin wasa. Dolo kuwa mai sanyin kai ne, wanda za a yi wa wayo a ciniki yana murmushi. Daƙiƙi a karatu yake, yana iya zama gwanin kasuwa. Sakarai yana da hankalin, amfani da shi ne ba ya yi. Shashasha ya fi su ciwo ga magidanci, domin ana nufin ba shi da kamun kai, ba a ba shi amana. Dattijon da ya ƙware ba zai daidaita wanda aka ce wa dolo da wanda aka ce wa shashasha a gaban surukansa ba.

A kudu aikin ya ninka, saboda harsuna uku ke haɗuwa a kasuwa guda. Inyamuri zai ce "onye nzuzu" ko "onye iberibe", ko ya ce "ewu", wato akuya. A Turancin buroka ana cewa "mumu". Wadda ta fi haddasa faɗa ita ce "mugu": baƙon da ya sauka daga Kano yana jin an ce masa azzalumi, alhali a bakin ɗan Fatakwal tana nufin wanda 'yan damfara suka wanke. Dattijo yakan zaunar da yaro ya ce, "Ɗana, ba mugunta ya jingina maka ba, cewa ya yi an cuce ka." Sau da yawa nan wutar ke mutuwa.



Zaman Hausawa a kudu ya daɗe. Malam Umaru Altine, ɗan ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, shi ne magajin garin Inugu na farko. Irin wannan zama ba ya ɗorewa sai da masu kunne. Saurayin da ya tafi kudu neman abinci, ya fara zama kusa da waɗannan dattawa kafin ya mayar wa kowa martani a kasuwa.