Girki da Lissafi: Sharhi a Kan Littattafai Uku na Dafa Nama a Ruwan Ɗumi

Gabatarwa

Wannan sharhi zai dubi littattafai uku da aka wallafa a Amurka game da wata hanyar dafa nama wadda Faransawa suke kira sous vide, a lafazi su-bid. Littattafan su ne Under Pressure na Thomas Keller (2008), da Sous Vide for the Home Cook na Douglas Baldwin (2010), da kuma Modernist Cuisine at Home na Nathan Myhrvold da Maxime Bilet (2012). Abin da za a auna shi ne ko sun cika alkawarin da ke tattare da su, watau fito da dabarar daga manyan gidajen abinci zuwa madafin gida.

Asalin Dabarar

Yadda ake yi shi ne a sa nama cikin leda, a fitar da iska, a liƙe, sa'an nan a tsoma cikin ruwan da wata na'ura take riƙe da zafinsa a mataki guda, alal misali digiri 55 na ma'aunin Salshiyas, har tsawon awa ɗaya zuwa kwana uku. Tun da ruwan ba ya wuce zafin da ake so naman ya kai, ba ya ƙonewa, ba ya kuma bushewa kamar na bisa wuta. A shekarar 1974 ne Georges Pralus ya yi amfani da ita a gidan abincin Troisgros da ke Roanne, a Faransa, domin rage asarar kitsen hantar dinya wajen dahuwa. Na'urorin gida masu sauƙin kuɗi kuwa sai daga 2009 suka fara yaɗuwa.

Inda Littattafan Suka Yi Nasara

Babbar nasararsu ita ce raba abubuwa biyu waɗanda aka daɗe ana cakuɗawa, watau nuna da kuma kuɓuta daga cuta. Nuna al'amari ne na zafi, amma mutuwar ƙwayoyin cuta ta dogara ne ga zafi da lokaci tare. Hukumar aikin gona ta Amurka ta ce a kai naman kaza digiri 74, inda ƙwayar Salmonela take mutuwa nan take. To amma idan tsakiyar naman ya kai digiri 60, aka riƙe shi haka kimanin rabin awa, sakamakon ɗaya ne, naman kuma bai tsotse ba.

A nan Baldwin ya fi sauran, domin shi masanin lissafi ne. Ya nuna cewa kaurin yanka ne ke yanke hukunci, ba nauyinsa ba: in kauri ya ninka biyu, lokacin da zafi zai ɗauka ya ratsa tsakiya yakan ninka kusan huɗu. Har ila yau dabarar ta bayyana sirrin nama mai jijiya. Sinadarin kolajin da ke cikin jijiya yana narkewa sannu a hankali, ya zama abin nan da yake sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya huce. Saboda haka haƙarƙari mai tauri yakan yi laushi bayan awa 48 ko 72. Lalle mai haƙuri yakan dafa dutse, amma waɗannan marubuta sun faɗi awa nawa dutsen zai ɗauka.

Inda Suka Gaza

Rauni na farko yana cikin sunan kansa. Ma'anar sous vide ita ce ƙarƙashin rashin iska, alhali ginshiƙin aikin shi ne tsare zafin ruwa. Mai girki a gida yana iya nutsa ledar a hankali, ruwa ya kore iskar, ba tare da injin zuƙe iska ba. Sunan ya ɗora nauyi inda ba nan yake ba, kuma Keller ya ƙara ƙarfafa wannan fahimta, domin girke-girkensa da yawa suna bukatar babban injin zuƙar iska irin na gidajen abinci. Mai fassara zuwa Hausa ma zai ci karo da wannan matsala. Ba tafasawa ba ce, ba turarawa ba, ba gashi ba. Kalmar sulala ce ta fi kusa, ita ma sai an ƙara mata bayani.

Rauni na biyu shi ne batun ƙamshi. Naman da aka ciro daga leda kodaɗɗe ne, ba shi da ɓawon nan mai launin ƙasa-ƙasa. Wannan ɓawo da ƙamshinsa suna samuwa ne daga haɗuwar sukari da sinadaran furotin, wadda Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, ba ta kuwa kankama sai zafi ya kai wajen digiri 140. Don haka dole a ƙare da kasko mai zafin gaske ko harshen wuta. Watau a minti biyun ƙarshe, inda ake iya ɓata aikin kwana biyu, jadawali ya ƙare, an koma ga ido da hanci da hannun mai girki. Lissafi ba shi da ta cewa a nan.

Rauni na uku shi ne mutumin da aka rubuta dominsa. Myhrvold, tsohon babban jami'in fasaha na kamfanin Microsoft, ya taƙaito nasa littafin ne daga wani aiki na 2011 mai shafi 2,438, kuma gidan da yake nufi gida ne mai ma'aunai da na'urori. Dukansu suna ɗauka cewa akwai lantarki wanda ba ya ɗaukewa. Wannan ba ƙaramin zato ba ne, domin in wuta ta ɗauke da dare, ruwan ya sauko ƙasa da digiri 50 na tsawon awoyi, ledar ta zama wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta, ciki har da masu bunƙasa inda babu iska. Irin wannan fargaba ce ta sa hukumar lafiya ta birnin New York ta taka wa gidajen abinci birki a 2006, sai sun gabatar da tsarin kariya. Bugu da ƙari, ma'aunin daɗin da aka fi ɗaukakawa shi ne nama ja-ja, mai nuna iri ɗaya daga baki zuwa baki. Wannan ɗanɗanon wasu al'ummu ne, ga wasu kuwa ɗanye ne.

Kammalawa

A taƙaice, littafin Keller na ƙwararru ne, na Myhrvold da Bilet na masu hali ne, na Baldwin ne kaɗai ya yi kusa da madafin gida. Gudummawarsu mai ɗorewa ita ce ilmin zafi da lokaci, wanda zai amfani ko da wanda bai taɓa ganin na'urar ba. Amma mai nazari ya kamata ya karanta su da sanin cewa sun auna abin da yake aunuwa ne kawai, saura kuwa yana nan a hannun mai girki.