Ɗan Zoben Roba da Amanar Mai Gyara

A zauren gidanmu da ke Ɗankaza, cikin ƙasar Wudil, akwai wani tsohon babur ƙirar Honda CD175 wanda marigayi mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, ya saya a shekarar 1975, sa'ad da kuɗin Udoji suka faɗo hannun ma'aikata, har malamin firamaren da ya saba taka keke ya wayi gari yana tada ƙura a kan hanyar Kano. Baburin nan ya shekara ashirin da ɗoriya a jingine, kaji suna ƙwai ƙarƙashinsa, kafin mu 'ya'yan mai shi mu yanke shawarar tada shi, kuma a dalilin tada shin ne na fahimci wani al'amari da nake so in yi magana a kansa.

Na lura a 'yan shekarun nan samari sun shiga bin zauruka da rumfuna suna neman tsofaffin Vespa da Honda da Yamaha na zamanin iyayensu, su saya, su kai a wanke musu tsatsa, a fesa fenti, a ɗinka sabuwar kujera, domin su fita da su ranar Sallah ko rakiyar ango. Haƙiƙa wannan ɗabi'a ta yi mini daɗi, gama tun da Jincheng da Bajaj suka cika gari aka koya wa mutane cire abu a jefar maimakon gyara shi, duk wanda ya waiwayi kayan magabata da niyyar raya su ya cancanci yabo. Amma akwai illar da ta biyo wannan yayi, ita ce himma duka ta tattara ga zahiri, inda ido ke sauka, an bar baɗini, inda ran injin yake, a hannun zato da kwalbar gam.

Mu kanmu mun faɗa wannan rami. Mun kai baburin wani gareji a birni, bayan mako uku aka dawo mana da shi yana ƙyalli kamar ranar da aka kwance shi daga akwati, maƙwabta suna ta sa albarka. Kwana uku tsakani sai ga ɗigon baƙin mai a daɓen zaure. Ranar Juma'a kuwa, ina kan hanyar kasuwar Wudil, ban kai gada ba sai kan injin ya ɗauki zafi, ya soma wata ƙara kamar ana kaɗa cokali a kwano. Na ture shi zuwa rumfar wani dattijon bakanike, wanda ya ce da ni, “Malam, bar shi ya huce, gobe ma gani.” Washegari da ya kwance shi a gabana, ya sa yatsa cikin 'yar rariyar da ke tace mai, ya zaro jan gam zare-zare kamar taliya, sa'an nan ya nuna mini wani ɗan gurbi a fuskar silinda, inda ya kamata a sami zoben roba wanda bai fi zoben yatsa faɗi ba, aka cusa wani na daban da ya fi shi siranta, aka shafe da gam don a rufe aibu.

Bayanin da ya yi mini shi ne, a irin waɗannan injuna famfon mai yana ƙasa, shi kuwa sandan da ke buɗe bawul yana can sama cikin kai, saboda haka dole mai ya hau ta wata siririyar hanya, ya ratsa mahaɗar akwatin inji da silinda, ya kuma ratsa mahaɗar silinda da kai. Ɗan zoben nan shi ne mai tsaron wannan mashiga, idan ya yi sako-sako mai ya tsiyaye waje, idan kuma gam ya yi yawa ya matso ciki ya toshe hanyar, to, ƙarfen sama zai yi ta gugar ɗan'uwansa a bushe har inji ya buga. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Waɗannan ƙananan masu tsaro iri-iri ne, kowanne da muƙaminsa. Akwai gaskit na takarda, wanda wasu ke kira fakin, mai kwanciya tsakanin murfi da jikin inji. Akwai gaskit na kai, wanda ke jure wutar fetur da matsin fistin. Akwai sil, mai rungumar sanda tana juyawa, kamar sandar giya da ta kik da ta ƙaramin sifaket, yana da leɓe mai taushi da wani siririn sifirin a kewaye da shi. Akwai ɗan sil na wuyan bawul, wanda in ya mutu za ka ga shuɗin hayaƙi da an tada babur da safe. Akwai kuma washar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin noti. A Vespa, da yake injinta na cin fetur gauraye da mai, sil biyu na gefen karanshaf su ne rayuwarta: na wajen kuloci in ya sake, inji ya tsotsi man giya ya yi ta tuƙa hayaƙi, na wajen magneto in ya sake, iska ta kutsa, inji ya riƙa tashi da kansa, ya yi zafi har fistin ya kame. Roba kuwa tsufa take ko ba a hau babur ba, balle a ƙasarmu inda zafin bazara ke gasa ta, ƙurar hunturu kuma ta goge mata leɓe.

Abin da ya fi burge ni ga dattijon nan shi ne bai yarda da ƙiyasin ido ba ko kaɗan. Duk sil ɗin da ya cire sai ya wanke shi da kananzir, ya kai shi hasken rana, ya karanta lambobi uku da ke jikinsa, alal misali 20 da 35 da 7, watau faɗin ramin ciki, da faɗin waje, da kauri, duka a milimita. In lambar ta goge, sai ya ɗauko ma'auninsa mai muƙamuƙi biyu ya auna sandar da gurbin, domin tsohon zobe ya riga ya baje, auna shi ɓata ne. Ya jera tsofaffin a kan kwali bisa tartibin da ya cire su, ya zana alama gefen kowanne, ya aike ni Kano da su a leda, ya ce in tafi wajen 'yan kayan babur, kada in karɓi wanda aka ce “zai shiga”, sai wanda lambarsa ta dace. Da na kawo, ya shafa wa leɓen kowanne ɗan mai, ya juya ɓangaren sifirin ya fuskanci ciki, ya tura shi a hankali da bakin soket, washar jan ƙarfen kuwa ya gasa ta a wuta har ta yi ja don ta yi laushi ta kama.

Na san hujjar da za a kawo mini, kuma ba ta rasa ƙarfi ba. Za a ce kamfanin ya daina ƙera CD175 tun wajen 1979, kayansa na asali sun yi wuya, jabu ya cika kasuwa tun daga Nnewi har Sabon Gari, mai babur kuma yana son araha, to, me bakanike zai yi in bai nemi dabara ba? Na yarda larura tana da hukuncinta. Bakaniken da ya ɗora takardar gaskit a kan murfi, ya bi gefe da ɗan guduma yana bubbugawa har siffar ta fito, ramukan noti da na mai duka a buɗe, gwani ne, ina cire masa hula. Gam ma yana da muhallinsa, a mahaɗar da maƙera suka tsara ba gaskit, in an shafa shi sirara kamar man kaɗe a leɓe. Sai dai larura ba ta halatta a sa zoben da bai kai ba, tun da zobba da sil na milimita ana amfani da su a janareto da famfon ban-ruwa da injin niƙa, mai haƙurin aunawa da yawon nema da wuya ya rasa daidai nasa. Abin da ake kira dabara a nan, galibi gaggawa ce da ƙyuya.

Kada kuma wani ya ɗauka ƙanƙantar abu ce mizanin hatsarinsa. Ran 28 ga Janairu 1986, kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka halaka, da aka yi bincike sai aka tarar zoben roba ne sanyin safiya ya sandarar, ya kasa toshe mahaɗa. Idan ƙasar da ta kai mutum duniyar wata ta sha wannan darasi a hannun zoben roba, ina ga saurayin da ya goya abokinsa a tsohuwar Vespa, yana tsere da tirela a hanyar Maiduguri, fistin ya kame masa?

Malamanmu na fiƙihu sun yi dogon bayani a babin ciniki cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma ɓoye shi algus ne. Ni a ganina bakaniken da ya rufe inji a kan abin da ya san bai dace ba, alhali ya tabbata mai babur ba zai taɓa gani ba, hukuncinsa ɗaya da mai jera manyan tumatir a saman kwando. Mu masu kai gyara ma da namu laifin, domin mukan biya mai fenti ba ciniki, mu tsaya muna ja-in-ja a kan kuɗin sil, har mu tura mai gaskiya ga ha'inci.

Saboda haka shawarata ga duk mai niyyar raya baburin mahaifinsa ita ce ya fara da ciki, ya nemi a ba shi tsofaffin zobban a hannunsa, ya jinkirta fenti sai inji ya yi wata guda yana aiki. Dattijon nan da ya gama namu bai ce mini komai game da kyansa ba. Cewa ya yi in hau shi zuwa Gaya in dawo, in share daɓen zaure, in shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin injin, in bar shi ya kwana. Da na dawo daga sallar asuba na haska fitila, na tarar da takardar fes yadda na ajiye ta, sai a sa'an nan na je na biya shi cikon kuɗinsa.